Daga Tagullar Takadda zuwa Tudun Akokan

Ayarin da ya taso daga Abzin a ƙarni na 19 ba ya shiga Birnin Damagaram kai tsaye. A Zango yake sauke kaya, wajen ganuwa, inda fatake da Buzaye da Larabawan Gadamas suke da masaukai da dillalai. Raƙuma sukan zo da gishirin Bilma da dabino da kayan Turabulus, su koma da hatsi da fatu da tufafin rini da gashin jimina, da bayi kuma, tunda babu amfanin ɓoye wannan. Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a garin a ƙarshen 1852, ya kuma lura cewa duk mai son shiga ƙasar baƙar fata daga Sahara ta wannan gefen, da wuya ya kauce wa Damagaram. Tun a lokacin rabon aikin a fili yake: arewa na ba da abin da aka tono daga ƙasa, kudu na ba da abinci da hannuwan da za su yi aikin. Ma'adinin ne ya riƙa sauyawa. An yi tagulla, aka yi gishiri, sannan aka zo ga yuraniyom.

Labarin tagullar ya girmi sarautar Damagaram da ɗaruruwan shekaru. A 1353 matafiyin nan ɗan Tanja, Ibn Battuta, ya baro Gawo ya iso wani gari mai suna Takadda, a yammacin duwatsun Abzin. Ya tarar da gidaje na jan dutse, da kunamu masu kisa, da mutanen da ba su da sana'a sai fatauci. Ruwan garin, in ji shi, yana bi ta kan ma'adinin tagulla, shi ya sa launinsa da ɗanɗanonsa suka canza. Wataƙila wannan shi ne ƙorafi mafi tsufa da aka rubuta game da ruwa da ma'adinai a ƙasar da ake kira Nijar a yau, ko da yake wasu masana na ganin gishiri da kanwar yankin ne suka ɓata ruwan.

Abin da ya fi jan hankali a bayaninsa shi ne yadda ake sarrafa tagullar. A bayan gari ake haƙa, a kwaso dutsen a kawo shi cikin gidaje, a nan bayi maza da mata suke narka shi. Idan ya narke sai a zuba shi sanduna masu tsawon taƙi ɗaya da rabi, wasu sirara wasu masu kauri. Masu kaurin ana ba da 400 a kan miskali ɗaya na zinariya, sirara kuwa 600 ko 700. Su ne kuɗin garin. Da sirara ake sayen nama da itacen wuta, da masu kauri ake sayen gero da alkama da man shanu da bayi. Daga nan tagullar take tafiya Gobir da Barno. Wato tun kafin a kafa tubalin farko na Birni, ƙarfen Abzin yana ratsa ƙasashen da daga baya suka zama Damagaram. Shi kansa Ibn Battuta ya bar garin a watan Satumba na shekarar, cikin ayarin da ke kora bayi mata kimanin 600 zuwa Tuwat.

An daɗe ana gardama a kan inda Takadda take. Henri Lhote, wanda ya yi suna a binciken Sahara, ya dage cewa gishiri ne arzikin wurin, babu wata tagulla. A shekarun 1970 ne Suzanne Bernus da Pierre Gouletquer suka yi aiki a kufan Azelik, arewa da Ingal, suka samo abin da ya raba gardamar: ragowar tukwanen narki, ɗigon tagulla, kashin ƙarfe, da ƙananan ramuka a jikin fa inda ake daka dutse. Tagullar wurin ƴan ƙwayoyi ce a warwatse cikin wani siririn shimfiɗin dutse, kuma ba ta da yawa. Kafin a tara abin da zai cika tukunya ɗaya sai an farfasa dutse mai yawa, an daka, an sheƙe, an tsince. Sannan a nemo gawayi, a ƙasar da itace kansa abin saye ne da kuɗi. Binciken Danilo Grébénart ya nuna cewa a yankin Agadas an narka tagulla tun ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa, don haka mutanen Takadda gado suka tarar.

Garin ya mutu wajen ƙarni na 15 zuwa na 16. Tarihin baka na cewa sarautar Agadas ce ta ci shi da yaƙi, masu bincike kuma na ƙarawa da cewa tagullar ma ta fara ƙarewa. Waɗanda suka tsira suka koma Ingal da Tegidda-n-Tesemt, suka kama aikin gishiri: a ɗebo ƙasa mai gishiri, a jiƙa ta a rami, a tace ruwan zuwa ƙananan kwamaye, rana ta busar. Ƙasar da aka gama tatsa ana zubar da ita a gefe, kuma shekara da shekaru ta taru ta zama tuddai da ke kewaye da wurin har yau. Babu wanda tuddan suka taɓa cuta. Dabbobin makiyaya ne ma suke cin moriyar gishirin.

Lokacin da Sarki Tanimun ɗan Sulaiman ya ƙarfafa Damagaram a tsakiyar ƙarni na 19, ya ja ganuwa, ya sa maƙera suna zuba igwa suna haɗa albarushi a cikin gari, Azelik ta riga ta zama kufai. Tagullar da ke yawo a kasuwannin Kano da Damagaram a wancan zamani daga nesa ake kawo ta. Faransawa sun shigo a 1899 bayan karon Tirmini, suka mai da Damagaram babban birnin yankin daga 1911 zuwa 1926, kuma tsawon wannan lokaci suna kallon arewacin Nijar a matsayin rairayin da ba ya biyan ko kuɗin tsaronsa.

A 1957 ne lissafin ya juya. Masu binciken hukumar ma'adinai ta Faransa sun je Azelik neman tagulla, suna bin sawun tsohon labari, sai suka ci karo da yuraniyom. Hukumar makamashin nukiliya ta Faransa, CEA, ta karɓi aikin, ta bazu a yammacin Abzin, har ta gano manyan jijiyoyin ma'adinin a wani fili mai nisan kilomita kusan 240 arewa da Agadas. An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, ya fara fitar da kaya a 1971 daga buɗaɗɗun ramuka, aka gina garin Arlit daga babu. A 1974 aka kafa COMINAK, wanda ya fara aiki a 1978 a Akuta, aka gina wa ma'aikatansa Akokan, ƴan kilomita kaɗan daga Arlit. A COMINAK, a lokacin, Faransa ce ke da kaso 34 cikin ɗari, Nijar 31, wani kamfanin Japan 25, na Sifen 10. Sunan uwar kamfanin ta Faransa ya yi ta sauyawa, daga Cogema zuwa Areva zuwa Orano.

Samari suka kwarara daga kudu. Daga Damagaram hanyar ita ce tsohuwar hanyar ayari, ta Tanut da Adarbisinat zuwa Agadas, sai dai yanzu a bayan babbar mota. Wasu sun samu aikin kamfani da gida da asibiti kyauta, wasu suka zauna a unguwannin bukkoki na gefen gari suna sayar da nama da shayi da itace, ko suna jiran aikin ƴan kwangila. Shi ya sa a tsakiyar ƙasar Abzinawa Hausa ta zama harshen kasuwar Arlit.

Ramin Akuta yana da zurfin mita 250, a lokacin aikinsa ana gangara masa da mota ta wata doguwar hanya, kuma hanyoyin cikinsa sun kai ɗaruruwan kilomita. An sha kiransa mahaƙar yuraniyom ta ƙarƙashin ƙasa mafi girma a duniya. Amma wanda yake son fahimtar abin da aka bar wa Akokan, masana'antar da ta yi aiki a bisa ƙasa ya kamata ya duba, domin a can ne dutse yake zama abu biyu, wanda za a tafi da shi da wanda za a bari.

Dutsen da aka fito da shi ana fara farfasa shi, sannan a niƙa shi ya yi laushi kamar garin tuwo. Daga nan a kwaɓa shi da asid ɗin farar wuta, dangin ruwan batir, wanda ake haɗawa a nan wurin da farar wutar da motoci ke kawowa daga bakin teku. Asid ɗin yana narkar da yuraniyom ya bar sauran dutsen. Sai a tace, a wanke, a bi da ruwan ta cikin wasu sinadarai masu kama yuraniyom su saki sauran, a ƙarshe a daskarar da shi ya zama rawayan gari, a shanya, a ɗura a gangunan ƙarfe. A da gangunan sukan bi hanyar Tawa da Doso, su tsallaka Benin zuwa tashar jiragen ruwa ta Kwatano, daga can zuwa masana'antar Malvési kusa da Narbonne a kudancin Faransa. Wutar da ake wannan aiki da ita kuwa daga kwal ɗin Anu Araren take, wanda kamfanin SONICHAR ke ƙonawa a Cirozerin tun 1981.

A kowane tan na dutsen Akuta, yuraniyom ɗin da ake samu bai wuce kilo huɗu ba. Cikin shekara 43 COMINAK ya fitar da kimanin tan 75,000. Abin da ya rage bayan tacewa, wato laka mai asid, ya kai tan miliyan 20. An riƙa zuba ta a fili, a sarari, har ta zama tudu mai faɗin hekta 120 da tsayin da ya kai mita 35, ƴan kilomita daga gidajen mutane.

Mutum zai ɗauka cewa tunda an cire yuraniyom, lakar ta zama ƙasa kawai. Ba haka abin yake ba. A cikin dutse yuraniyom ba ya zama shi kaɗai, yana tare da wasu sinadaran da ya haifa a tsawon miliyoyin shekaru, kuma asid ba ya kwashe su. Kusan kashi 80 cikin ɗari na tururin nukiliyar da ke cikin dutsen na asali a lakar yake zama. Akwai toriyom-230, wanda sai bayan shekara 75,000 ƙarfinsa ke raguwa da rabi. Akwai radiyom-226, mai shekara 1,600. Shi kuma radiyom kullum yana fitar da iskar radon, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma likitoci sun tabbatar tana haddasa sankarar huhu. A da duk waɗannan suna kulle cikin dutse a ƙarƙashin mita 250 na ƙasa. Yanzu gari ne a bisa ƙasa, a yankin da iska ke tashi da ƙura watanni da dama a shekara.

Ruwa ma nasa lissafin daban. Arlit ba ta da kogi, ruwan sama kuma ɗan kaɗan ne. Garin da masana'antun duk suna sha daga ruwan ƙarƙashin ƙasa da ya taru tun zamanin da Sahara take da dausayi, irin wanda in an ɗebe ba ya dawowa a rayuwar ɗan Adam. Ƙungiyar Greenpeace ta ƙiyasta cewa kamfanonin biyu sun sha lita biliyan 270 a cikin shekara 40. Ramin Akuta kansa ya ratsa ta cikin shimfiɗin ruwan, dole aka riƙa zuƙe shi dare da rana don kada ya cika hanyoyin.

A shekarun farko ba wanda ya damu da wannan a Yamai, kuma ba a rasa dalili ba. Shugaba Diori Hamani yana cikin ja-in-ja da Faransa a kan farashi lokacin da sojoji suka kifar da shi a watan Afrilu na 1974. Seyni Kunce ya gaji kasuwa mai tashe. A ƙarshen shekarun 1970 yuraniyom ne mafi yawan abin da Nijar ke sayarwa waje. Da kuɗinsa aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit, aka yi manyan gine-ginen Yamai, aka kuma ɗauke wa talaka harajin kai, abin da dattawan karkarar Damagaram ba su manta ba. Daga 1980 farashi ya faɗi, bashi ya rage, lakar kuwa ta ci gaba da taruwa.

Daga cikin ma'aikatan ne magana ta fito. A farkon shekarun 2000 wani ma'aikacin SOMAIR, Almustafa Alhasan, ya ga abokan aikinsa suna mutuwa da cututtukan da ba a yi musu bayani ba, ya kafa ƙungiyar Aghirin'man. Ita ce ta gayyato CRIIRAD, wata cibiyar awon tururin nukiliya mai zaman kanta a Faransa. Da ma'aikatan cibiyar suka sauka a filin jirgin Yamai a watan Disamba na 2003, aka ƙwace manyan na'urorinsu. Da ƴan ƙananan da suka rage suka yi awo, kuma abin da suka gani ya isa. A kasuwar Arlit ana sayar da bututu da ƙarafan da masana'anta ta yar, masu ɗauke da guba a jikinsu, mutane na saye suna rufin ɗaki da kayan gida da su. Babu laifin maƙeri ko mai saye a nan, don ƙarfe mai guba da mara guba kamanninsu ɗaya a ido. Tsofaffin ma'aikata kuma sun ba da labarin yadda a shekarun farko suke komawa gida da kayan aiki a jikinsu, matansu su wanke.

A 2007 aka gano cewa an yi cikon wasu titunan Akokan da dutsen da aka fito da shi daga rami, har a kusa da asibitin kamfanin. Areva ta ce ta share. Da Greenpeace ta zo a watan Nuwamba na 2009, ta samu wani wuri a titi inda tururin ya ninka na al'ada kusan sau 500, kuma huɗu daga cikin samfuran ruwa biyar da ta ɗiba a yankin sun wuce iyakar yuraniyom da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya wa ruwan sha. Kamfanin ya amsa batun titunan, ya sake kwashewa, ya shiga auna gari layi-layi tare da hukumomi. A kan sauran kuwa matsayinsa bai sauya ba: yana bin ƙa'idojin ƙasa da ƙasa, kuma abin da jama'a ke shaƙa bai wuce iyakar doka ba.

Inda gardamar ta fi zafi shi ne asibiti. Kamfanonin ne suka gina asibitocin Arlit da Akokan, su suka riƙa biyan likitocin, kuma ba a musun cewa sun fi na sauran yankin kayan aiki. Sai dai ƙungiyar lauyoyi ta Sherpa ta nuna cewa shekara da shekaru asibitocin ba su danganta sankarar wani ma'aikaci da aikinsa ba. Wanda ke biyan likita shi ne wanda za a ci tara in likitan ya faɗi haka, kuma ba sai an zargi kowa da ƙarya ba kafin a ga aibin wannan tsari. A Faransa iyalan wani Bafaranshe da ya yi aiki a COMINAK daga 1978 zuwa 1985, ya mutu da sankarar huhu a 2009, sun yi nasara a kotu a 2012. Shekara guda bayan haka kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, bisa hujjar cewa COMINAK ne ya ɗauke shi aiki, kamfanin da ke ƙarƙashin dokar Nijar, ba Areva ba. Idan haka ta faru da mai lauya a Faransa, ana iya kintata matsayin lebura ɗan kwangila da ya koma ƙauyensu a Mirya ko Magarya da tari. An kafa wata cibiyar sa ido kan lafiyar tsofaffin ma'aikata a jihar Agadas a ƙarshen 2011. A 2016 kuma Amina Weira, ƴar wani tsohon ma'aikacin ramin, ta fitar da fim a kan ƙurar Arlit da mutanen da ke zaune cikinta.

Azelik ma ba ta tsira ba. Kamfanin SOMINA, wanda ƴan Sin ke da rinjaye a ciki, ya buɗe mahaƙar yuraniyom a can wajen 2011, aikin ya tsaya bayan ƴan shekaru saboda matsalar kuɗi, bayan makiyaya da ma'aikata sun yi ta kuka da shi.

Ranar 31 ga Maris, 2021, COMINAK ya rufe, ma'adinin ya ƙare. Ma'aikata kusan 600 suka karɓi sallama da haƙƙoƙinsu, ƴan kwangila kimanin 700 kuwa ba su samu irin wannan ba. Shirin gyaran wurin, wanda aka yi wa kasafin sefa biliyan 95, ya tanadi toshe bakin ramin, rushe masana'anta, da lulluɓe tudun da yumɓu da dutse mai kaurin mita biyu don tare radon da hana iska kwasar ƙura. An tsara aikin zai ɗauki kimanin shekara goma, sannan a sa ido na wasu shekaru. CRIIRAD ta ce lulluɓin sama ba ya maganin abin da ke tsiyaya ta ƙasa zuwa ruwan sha, kuma mita biyu na yumɓu ba abin da za a dogara da shi ba ne a kan guba mai dubban shekaru. A Faransa ma akwai irin wannan laka, tan miliyan 50 a wurare 17, kuma mahaƙarsu ta ƙarshe ta rufe tun 2001, amma har yanzu hukuma na auna ruwan da ke fita daga wuraren.

Ana tsakiyar wannan aiki sojoji suka karɓi mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli, 2023. Iyakar Benin ta rufe, hanyar Kwatano ta yanke. A watan Yuni na 2024 gwamnati ta janye lasisin haƙar yuraniyom na Imuraren daga hannun Orano, a watan Disamba kamfanin ya sanar cewa SOMAIR ya fita daga ikonsa, a watan Yuni na 2025 kuma Nijar ta mai da SOMAIR mallakar ƙasa. Orano ta kai ƙara kotun sasanta rikicin zuba jari ta duniya. Abin da ɓangarorin biyu ke ja a kai shi ne hannun jari, da lasisi, da gangunan rawayan garin da suka maƙale a Arlit bayan rufe iyakar. SOMAIR kuma, wanda ya girmi COMINAK da shekara bakwai a aiki, yana da nasa tudun lakar a gefen gari, kuma duk ranar da injinansa suka juya ƙaruwa yake yi.